Mutumin da Ke Jin Katako

Na Allah ne mu, wurinSa za mu koma, Kawu kuwa ya riga mu tafiya. Ya cika ranar Talata da hantsi a ɗakinsa nan Garwa, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Wan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun ina shekara tara, kuma abincin da nake ci yau a hannunsa na koyi nemansa. Ba don in yi kuka na zauna rubuta wannan ba, kukan na yi shi ya ƙare. Haushi ne ya zaunar da ni, haushin mutane da haushin kaina.

Kwana uku muna kan tabarma a ƙofar gida ana ta zuwa gaisuwa. 'Yan kasuwa sun zo, dangi na Gider sun zo, na Mayo-Ulo sun cika mota guda. Masu Hausa na cewa sai haƙuri, masu Fulatanci na cewa sey munyal, kowa na faɗin marigayi ba ya fashin jam'i, ba ya cin naman mutane. Duk gaskiya ne. Amma cikin kwana ukun nan ban ji bakin da ya furta kalmar tanis ba, alhali mutumin ya haura shekara arba'in a kan jar ƙasar filin tanis. Wani dattijo daga Mayo-Ulo ma ya karkato ya tambayi babban ɗan Kawu wace sana'a marigayin yake yi. Ɗan ya sunkuyar da kai ya ce gadi yake yi a wajen manya. Kunya yake ji a ce ubansa wasa yake koyarwa, gara masa a ce mai gadi ne.

Rana ta uku shugaban kulob ɗinmu na tanis ya iso, wanda kowa ke kira Firezidan. Aka ɗauko masa kujera, don gwiwarsa ba ta shiri da tabarma. Ya yi 'yar gajeruwar addu'a, sannan ya gyara murya kamar zai buɗe taro.

"Gardiyan ɗinmu ne, mai gadin fili," in ji shi. "Ban taɓa zuwa na tarar da ganye ɗaya a fili ba. Mutum mai tsabta ƙwarai."

Daga nan ya dafa kafaɗata ya shaida wa jama'a cewa Allah Ya yi wa gidan nan baiwa, tunda daga dangin mai shara aka sami babban antirena, wato mai koyar da wasa, wanda ya gyara servis ɗin 'yarsa har ta ɗauko kofi ta kawo arewa. Jama'a suka ce masha Allah. Ni kuma, a ƙofar gidan Kawu, ƙasar kabarinsa ba ta gama bushewa ba, na buɗe baki na ce na gode.

Ƙarya ce. Ba ni na gyara servis ɗin yarinyar ba, Kawu ne. Da wannan ƙaryar na karɓi aikinsa, kuma da ita nake ci shekara huɗu ke nan. Mu uku muka san haka, ni da shi da matarsa, wadda muke kira Inna. Yanzu shi babu, Inna kuma ba mai shiga taron maza ba ce. In na yi shiru, mai shara zai zauna a bakin mutane har abada.

Sai na ɗan yi bayani saboda 'yan'uwanmu da ba su taɓa leƙa filin ba. A tanis kowane maki da servis yake farawa: ka jefa ƙwallo sama da hannu ɗaya, ka buge ta da raket, ta tsallake raga ta faɗa cikin ɗan gidan da aka zana a gaban abokin karawarka. Sau biyu ake ba ka. In ka ɓata na farko saura na biyu, in ka ɓata shi maki ya tafi. Don haka gwanaye ba sa marin ƙwallo a na biyu, shafa ta suke yi daga ƙasa zuwa sama, ta tashi tana juyi, ta haye raga da tazara, ta faɗo cikin gida, sannan ta yi tsalle har kafaɗar mutum. Shi muke kira lifte, yadda masu Faransanci ke faɗi. Wahalarsa ita ce raket a kaikaice yake zuwa wa ƙwallon, ba da faɗinsa ba. Kuskuren yatsa biyu ya isa. Maimakon zaren da aka saƙa a tsakiyar raket ya shafe ta sai bakin raket ya ƙwale ta, ta yi kan bishiya ko ta dira a cinyar mai kallo. Wannan shi Kawu ke kira katako, don a zamaninsa da katako ake yin raket. An daina na katakon tun ina yaro, amma har ya mutu bai sauya kalmar ba, kuma duk wanda ya bi ta hannunsa haka yake faɗi.

Ban ruwa aka ɗauke shi yi yana saurayi. Ya jiƙa fili, ya ja ƙaton ƙarfen da ake daddale ƙasa da shi, ya zana layuka da farar ƙasa. Wani Bature da ya tashi komawa gida ya bar masa tsohon raket mai tsaga a wuya, shi kuwa ya ɗaure shi da waya, ya riƙa bugu da bango da tsakar rana, lokacin da zafin Garwa ya kori kowa inuwa. Sannu a hankali manya suka gane in ba su sami abokin wasa ba mai ban ruwan nan ya fi abokan nasu. Daga su sai 'ya'yansu, daga 'ya'yan sai jikoki. Likitoci da alƙalai da sojoji nawa ne suka koyi riƙon raket a wurinsa, ban san iyaka ba. Amma a takardar kulob gardiyan aka rubuta ranar da ya shigo, kuma cikin duk masu alƙalamin nan ba a sami wanda ya ga ya kamata a gyara kalma ɗaya ba.

Ba zan ce mai sanyin hali ne ba, don in na faɗa zai tashi ya ƙaryata ni. Faɗa gare shi. Kullum bayan sallar asuba sai ya tuɓe takalmi, ya naɗe ƙafar wando, ya zaga fili da tafin ƙafa don ya ji inda ruwa ya yi yawa da inda ya gaza. Wata safiya wani babban soja ya ratsa ta tsakiyar jiƙaƙƙen fili da takalminsa na aiki zai je sha'aninsa. Kawu ya tare shi a bakin raga, ya miƙa masa tsintsiya, ya ce ya share sawunsa kafin ya fita. Muka ce yau Kawu a kurkuku zai kwana. Sojan ya dube shi, ya dubi sawun, ya karɓi tsintsiya. Daga baya har ɗansa ya kawo a koya masa.

Yabo kuwa ba ya cikin aljihunsa. In ka yi abin da ya fi ƙarfin shekarunka sai ya ce "To," shi ke nan, ka je ka ji daɗi da wannan har mako. Amma mu 'ya'yan unguwa da ba mu da iyaye a kulob, in zaren raket ɗinmu ya tsinke, da ƙafa yake gangarawa bakin kogin Binuwai wajen masunta ya samo zaren kamun kifi mai kauri, ya zauna gindin darbejiya ya saƙa mana da basilla. Ba ya yarda ka yi godiya. In ka fara sai ya ce ka tafi ka kwashe ƙwallaye.

Da na kai koyon lifte, wata guda cur a durƙushe na yi shi. Ya shimfiɗa buhu a kan layin tsakiya ya ce in sa gwiwa a kai, daga nan zan riƙa bugawa. Mutum in yana durƙushe ba shi da ƙarfin mari, dole ya shafa ƙwallo ta yi sama in yana so ta haye raga. Yara suna wucewa suna tambaya ko laifi na yi. Na yi kuka, na kai ƙara wajen mahaifiyata, ta ce wanta ne, ita ma haka ta sha shi. Da na miƙe tsaye kuma sai katako ya dawo, a nan na fara gane irin kunnen mutumin. Baya yake juya mini. Ya tsaya yana kallon bango, yana tauna goro, ya ce in buga. Lifte mai kyau sautinsa kamar an ja tsintsiya a kan tabarma ne, katako kuwa ƙwas yake yi, amma shi har ƙwas ɗin iri-iri yake ji. In ya fito siriri ya ce na jefa ƙwallon gaba da yawa, in mayar da ita bisa kaina, ɗan baya kaɗan, inda in na ƙyale ta za ta faɗo mini a kan hula. In ya fito da nauyi ya ce na bar ta ta sauko har wuyan raket. Wani lokaci ƙafata yake saurare, in ya ji ta ja ƙasa da wuri ya ce na buɗe ƙirji kafin lokaci, in zauna a kaikaice tukuna. Abin da ya fi tsana shi ne sauke kai. Cewa yake kowa ɗoki yake ya ga inda ƙwallonsa za ta faɗi tun bai buge ta ba, ka bar haɓarka a sama har ka ji tsintsiyar, fili ba zai gudu ba.

Na girma, na buga gasa iyakar gwargwado, sannan na tafi Yawunde na yi kwas na dawo da takarda mai hatimi. Na dawo da kalmomin Faransanci masu tsawo da waya mai ɗaukar hoto tana maimaita shi a hankali. Tun daga ranar Kawu ya daina kiran sunana, sai dai Diplom, wato mai takarda. Lokacin ciwon suga ya fara cin idonsa, yana ganin inuwar mutum amma ba ya ganin ƙwallo. Komite na son mai takarda, amma suna jin nauyin tsofaffin mambobi. Sai Firezidan ya kawo dabara. 'Yarsa mai shekara sha bakwai tana shirin gasar matasa ta ƙasa, wasanta duk ya yi kyau sai servis na biyu, katako kan katako. Ya ba ni ita wata guda. Ya ce in na gyara, aikin nawa ne, tsoho kuma ya je ya huta. Na san ma'anar hutun sarai, kuma na ce to.

Mako uku ina fama. Na sauya mata riƙo, na sauya mata jifa, na ɗauki hoto ya fi a ƙirga. A hoton ina ganin tana sauke kai daidai lokacin da raket zai taɓa ƙwallo. Na ce ta ɗaga kai da Hausa, na faɗa da Faransanci, na faɗa da tsawa. Ta ce to, ta sake saukewa. Yarinya mai natsuwa, ba mai taurin kai ba, har ta fara zuwa fili da jan ido. Ni kuma na fara cewa a raina ai tsoro ne irin na 'ya'yan masu kuɗi, ba ta da zuciyar wasa.

Duk wannan Kawu na zaune a bencinsa gindin darbejiya, bayan shingen waya, yana sauraro. Ya san abin da ake gwada ni a kai, don babu abin da ke ɓuya a kulob. Ranar wata Alhamis da yamma, barandar kulob cike da abokan Firezidan suna shan lemo suna kallo, yarinyar ta yi katako shida a jere, na ƙarshen ya faɗa cikin tiren kofuna. Aka yi dariya. Ta tafi shan ruwa, sai na ji an ce, "Diplom, zo."

Na je ina cika ina batsewa. Ya tambaye ni, wai da safe in baranda babu kowa, tana katako haka? Na ce ba sosai ba. Ya ce ya ji. Ya sake tambaya, bayan kowane servis tana daɗewa kafin ta fara buga ƙwallo a ƙasa don na gaba, me take yi a wannan tsakanin? Na ce ban lura ba.

"Kana da ido biyu da na waya, ba ka lura ba," ya ce a hankali. "Ɗankwali take gyarawa. In ta gantsare baya don lifte yana zamewa. Ga abokan ubanta a bayanta. Kai da kanka, a ce ka zaɓa tsakanin maki da buɗe kai gaban iyayenka, me za ka zaɓa?"

Nan take na gane. Na tuna hotunan da na kalla sau ɗari, hannunta na hagu yana komawa goshi bayan kowane bugu, ni ina can ina auna gwiwar hannun dama. Na ce bari in je in faɗa mata. Ya damƙe rigata.

"Kada ka kuskura. In ta san namiji ya gane, ba za ta sake taka filin nan ba. Kada ka faɗa mata, kada ka faɗa wa ubanta. Ka biyo ni gida."

Inna tela ce, da kekenta na hannu take ɗinka wa matan unguwa. Kawu ya yi mata bayani, ta saurara, ta yi tsaki ta ce maza dai ba su da kai, abin da kowace mace za ta gane da kallo ɗaya. Ta yanka wani yadi mai roba, ta ɗinka hula mai kama kai har wuya, ta ɗinke ɗan mayafi a jikinta yadda ko tsalle aka yi ba zai motsa ba. Da yake ba ta san girman kan yarinyar ba, guda uku ta yi, ta ƙi karɓar ko kuɗin zare. Washegari na kai wa yarinyar na ce irin wadda 'yan wasa ke sawa a Yawunde ce saboda gumi. Wannan ƙaryar Kawu ne ya koya mini ita, kuma ita kaɗai ce mai kyau cikin ƙaryayyakin da na yi a wannan shekarar. Kwana biyu tsakani sautin ya sauya, tsintsiya kan tsintsiya, ƙwallo na tsalle har ta wuce kafaɗata. Daga gindin darbejiya na ji an ce, "To."

Ta je gasa ta ciyo kofi. Aka yi liyafa a baranda. Firezidan ya miƙa mini makirufo ya ce in gaya wa jama'a sirrin. Gaskiya ne Kawu ya hana ni faɗin maganar ɗankwali, amma bai hana ni faɗin sunansa ba, kuma na san bambancin. Na yi minti goma ina zuba Faransanci kan juyin kafaɗa da kusurwar raket. Yana zaune a kujerar ƙarshe cikin farar rigarsa ta Juma'a. A wannan zaman aka sanar da ni ne antirena, aka kira shi aka yi masa godiya kan tsabtar fili, aka ba shi kyautar sallama. Agogon bango suka ba shi. Mutum goma sha biyu suka zauna suka yi shawara, suka sayo wa wanda ba ya gani agogon bango. Ya shafa shi da hannu ya ce Allah Ya saka da alheri, ni kuma na tafa tare da kowa.

Bayan nan ƙafata ta yi nauyi da gidansa. Sai da Salla nake zuwa, in gaida shi a tsaitsaye in ce ana jira na. Bai taɓa tayar da maganar ba, wannan kuma shi ya fi ci mini rai, da ya zage ni da na sami abin riƙewa. Sau ɗaya muka yi sa-in-sa. Ya tambaye ni ko yaran da nake koya wa suna durƙusawa. Na ce wannan hanyar ta tsufa, yanzu kimiyya ake bi. Alhali kullum sai na durƙusar da su a kan buhu, sunan Faransanci kawai na laƙaba wa abin. Sai ya ce in gaida mahaifiyata.

Bayan addu'ar bakwai na shiga cikin gida wajen Inna. Tana zaune a ɗakin takaba, keken ɗinki a rufe da zane. Na durƙusa a bakin ƙofa na ce na zo neman gafara. Ba ta tambaye ni ta me ba. Ta ce ko na san dutsen da ke bayan katangar kulob, ta wajen kwata? Na ce na sani. Ta ce shekara huɗu, kowace yamma in ba ruwan sama ake ba, ita take riƙe masa sanda ta kai shi can bayan la'asar. Ya zauna a kan dutsen yana sauraren darasina ta bayan katanga, don ba ya so ya shigo a ce tsoho ya zo yi wa yaro katsalandan. Ita kuma ta bar ɗinkinta ta tsaya kusa da shi, wari na dukan ta. Duk yarana ya san su da sauti. Zai ce mai hagun nan ya jefa gaba da yawa, ƙaramar nan raket ya yi mata nauyi, wannan yana matse hannu kamar zai kashe maciji.

"Kullum sai ya ce in aika maka," in ji ta. "Ya ce in gaya wa uwarka ta gaya maka, kamar daga bakinta ya fito. Ban taɓa kai ko ɗaya ba. Na ce ka ci na farko, ba za ka ci na biyu ta hannuna ba."

Na kasa ɗaga kai. Na tuna mai hagun, wanda ya gaji da katako ya bar wasa bara, ina cewa ba shi da baiwa.

"Shi ya yafe maka tun ranar agogo," ta ce. "Ni ban yafe ba. Kuma ba a ɗakina ka yi ƙaryar ba, don me za ka kawo mini gaskiyar nan? Ka kai ta inda aka tafa maka."

Na kai ta. A taron komite na ƙarshen wata na nemi izini na miƙe. Na ce marigayi ba gardiyan ba ne, malamin yawancin waɗanda ke zaune a nan ne, kuma servis ɗin 'yar Firezidan shi ya gano ciwonsa, matarsa ta ɗinka maganin, ni ɗan aike ne kawai. Na roƙi a gyara takardarsa, a kuma sa wa fili na ɗaya sunansa. Firezidan ya tambaya, to me ya gano? Na buɗe baki, na dubi mutanen da ke zaune, su ne dai mutanen barandar nan, ga uban a tsakiyarsu. Kawu ya hana, kuma sirrin ba nawa ba ne. Na ce ba zan iya faɗi ba.

Firezidan ya yi murmushi ya juya ga sauran. Ya ce su dubi tarbiyya, yaro ya kai inda ya kai amma yana so ya yafa wa kawunsa rigar da ba tasa ba, irin wannan tawali'u ya yi ƙaranci a zamanin nan. Suka tafa mini. Wallahi suka sake tafa mini. Na zo in mayar da kayan sata, sun ƙara mini wani a kai. Maganar suna aka ce za a duba, sakatare ya rubuta cewa an yi minti ɗaya na shiru don tsohon gardiyan, aka wuce zuwa batun gyaran famfo.

Da na ga haka na san sai an faɗi abin duka ko kuwa a bar shi duka, kuma mutum ɗaya ce ke da ikon ba da izini. Yarinyar yanzu ta yi aure, tana karatun aikin likita a kudu. Na nemi lambarta wajen ƙanwarta, na kira, na kwashe komai na gaya mata, tun daga tiren kofuna har dutsen bayan katanga. Na ce ina so in rubuta shi duka, amma in ta ce a'a, na rufe bakina har kabari.

Ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta ce tsoho ya yi gaskiya, da a lokacin ta san an gane da ba ta sake riƙe raket ba, amma yanzu ita ba yarinya ba ce, in rubuta, mahaifinta ma ya karanta. Na fara godiya, ta katse ni. Muryarta ba ta tashi ba, amma ban taɓa jin ta haka ba.

"Malam, duk hutu in na zo gida sai na kawo maka tsaraba. Sau nawa na wuce tsohon nan a hanyar masallaci, in ce sannu Baba in wuce, ban san shi ne ba. Kana ji, kana gani. Shekara huɗu yana da rai, da kunnensa garau, ka hana ni in durƙusa in ce masa na gode. Wannan ma ka rubuta."

Ga shi na rubuta.

Allah Ka jiƙan Kawu, Ka yalwata masa makwanci, Ka mayar masa da ganinsa a inda ya tafi. Ka ba Inna haƙurin rashinsa da ladan ƙafafunta. Wanda duk ya taɓa durƙusawa a kan buhun nan, in wannan ya iso gare shi, ya yi masa Fatiha, kuma in an tambaye shi wa ya koya masa, ya faɗi gaskiya tun mai tambayar bai tashi ba.